Bindiga Ɗaya Tal Don Manyan Namun Daji: .30-06, .300 Magnum Ko .375?

Mutumin da ya tara kuɗi zai sayi bindigar farauta guda ɗaya, wadda zai yi shekara ashirin ko talatin yana saɓawa, yakan fara da tambayar wacce ta fi ƙarfi. Da ni zai tambaya, sai in mayar masa da tambaya: akwai ɓauna a cikin lissafinka, ko babu? Amsar da ya bayar ita ce za ta raba masa hanya biyu. In babu ɓauna, babu giwa, babu dorina, zaɓi yana da faɗi kuma yana da sauƙi. In akwai, to doka ma ta riga ta rage masa zaɓin tun kafin ya shiga shago.

Farautar da nake magana a kanta ita ce ta lasisi, irin wadda ake yi a Afirka ta Kudu da Namibiya da Zimbabuwe da Tanzaniya, da kuma Amurka da Turai, inda hukuma ke yanke adadin dabbar da za a harba a shekara, mafarauci ya biya, a wurare da yawa kuma a haɗa shi da jagora mai takardar shaida. Kusa da mu ma ana yin irinta a arewacin Kamaru, a yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Benuwe da Faro da Buba Njidda, inda baƙi kan sauka a Garwa su shiga daji da rani neman gwanki da kanki da mariya da ɓauna, da iland, wato ƙaton dangin gwanki, babban nan da ake kira Lord Derby, wanda namijinsa ke iya haura kilo 800. Wanda ke zaune a Najeriya kuwa sai ya fara sanin matsayinsa a gaban doka. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku: bindigar toka lasisinta yana hannun kwamishinan 'yan sanda, bindigar farauta ta zamani yana hannun Sufeto Janar, sannan akwai waɗanda aka hana sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a cikinsu akwai raifal irin ta soja mai kaurin 7.62mm da 9mm da .300 da .303. Wasu daga cikin harsasan da zan yaba a nan kaurinsu ya faɗa cikin wannan layi. Saboda haka kada kowa ya karanta wannan ya tafi neman bindiga ta bayan fage. A fara da ofishin da ke ba da lasisi.

Lambobin da ke jikin harsashi suna ruɗa baƙo, amma abin da ake buƙatar riƙewa bai wuce uku ba. Akwai kaurin ƙwayar da ke fita daga bakin bindiga, wanda Amurkawa da Ingilishi ke aunawa da inci, sauran Turawa da milimita. Akwai nauyinta, wanda ake rubutawa a jikin kwali da giren, kuma giren 180 ya yi daidai da giram 11.7. Sai ƙarfin da take fita da shi, wanda dokokin wasu ƙasashen Afirka ke ƙirgawa da jul.

Bari in fara da wanda na fi amincewa da shi, wato .30-06 Springfield. Sojojin Amurka ne suka karɓe shi a 1906, suka yi yaƙin duniya biyu da shi, kuma sojojin da suka dawo gida suka shiga daji da shi. Yau ya haura shekara ɗari, amma har yanzu da wuya ka sami kamfanin da ke ƙera bindigar farauta bai saka shi a jerinsa ba. Abin da ya riƙe shi a kasuwa shi ne faɗin aikinsa. Ana sayar da shi da ƙwaya mai giren 150 da 165 da 180 har zuwa 220. Mai giren 180 tana fita da gudun mita 820 a daƙiƙa, da ƙarfin da ya kusa jul 4,000. Wannan ya isa ya ratsa kafaɗar gwanki mai kilo 270 ya kai huhu, ya isa jakin dawa, ya isa elk da mus, manyan namun daji masu ƙaho na Amurka da Kanada, kuma bai yi wa mariya ko mazo ɓarna ba matuƙar an zaɓi ƙwayar da ba ta tarwatsewa. In an saita shi a yadi 200, a yadi 300 yakan sauka kamar santimita 20 zuwa 23. Ma'ana, har nisan mita 250 mutum zai ɗora saiti a kan kafaɗar babbar dabba ya ja kunama ba tare da wani dogon lissafi ba. Mafi yawan namun da ake harbi a dajin Afirka mai itatuwa kuwa ba su kai wannan nisan ba, tsakanin mita 60 zuwa 180 ake gamawa da su.

Abu na biyu da ya sa nake fifita shi, wanda mutane ba su cika ba shi muhimmanci ba sai ranar da ya same su, shi ne samun harsashi. Jakar da ke ɗauke da harsashi daban take tafiya a jirgi, kuma jaka takan yi ɓatan kai. Mafaraucin da ya sauka a Johannesburg ko Windhoek da bindiga a hannu babu harsashi, in .30-06 ce, da wuya ya kwana bai samu ba, ko a shagon ƙaramin gari ko a aljihun motar jagoransa. In kuwa wani sabon harsashi ne da ya fito shekara uku da suka wuce yana tashe a mujallu, to zai yi farautarsa da bindigar aro, wadda bai san kunamarta ba, bai san inda take jefawa ba.

Babban abokin hamayyarsa ɗan gida ɗaya ne, .308 Winchester, wanda ya fito kasuwa a 1952, kuma ƙungiyar NATO ta karɓi takwaransa na soja a 1954. Ƙwayarsu iri ɗaya ce, kwanson .308 ne ya fi gajarta, don haka albarushinsa ya fi kaɗan. Da ƙwaya mai giren 150 ko 165 bambancinsu ƙalilan ne, babu dabbar da za ta iya gane wanne ya same ta. Bindigarsa takan fi gajarta da rashin nauyi, bugunta a kafaɗa ya ɗan fi sauƙi, harsashinsa na gwaji ya fi araha, kuma araha tana nufin yawan gwaji. Inda yake gazawa shi ne in aka zo ƙwaya mai nauyi. Da giren 180 ya riga ya fara ja baya da kamar mita 25 a daƙiƙa, da giren 200 ko 220 kuwa doguwar ƙwaya tana cinye wurin albarushi a cikin ɗan gajeren kwansonsa. Wanda farautarsa ba za ta wuce dabba mai kilo 250 ba, ya ɗauki .308 hankali kwance. Wanda ke hangen iland ko mus, ƙarin da .30-06 ke da shi ba na ado ba ne.

Akwai 'yan sirara guda uku da ake yawan kawowa cikin wannan muhawara. .270 Winchester ya fito a 1925, kuma marubucin farauta Jack O'Connor ya yi shekaru yana tallata shi. Ƙwayarsa mai giren 130 tana fita da gudun da ya haura mita 930 a daƙiƙa, tana tafiya a miƙe, ta dace da tumakin dutse da bareyi a fili fetal. Amma nauyin ƙwayarsa da aka saba sayarwa ya tsaya a wajen giren 150, kuma wannan ne ya hana ni kiransa bindigar komai da komai. Sai 7x57 Mauser na 1892, wanda Ingilishi ke kira .275 Rigby. Masu sonsa ba sa gajiya da ambaton W.D.M. Bell, ɗan Scotland da ya kashe giwaye 1,011 a farkon ƙarni na 20, kusan 800 daga cikinsu da wannan ɗan harsashi, da kuma Jim Corbett da ya kashe damisar Rudraprayag mai cin mutane da shi a Indiya a 1926. Duk gaskiya ne. Sai dai Bell ya yi nazarin ƙoƙon kan giwa har ya san ta ina ake kaiwa ga ƙwaƙwalwa daga kowane ɓangare, kuma yana harbi daga kusa ƙwarai. Labarinsa shaida ce ta gwaninta, kuma yau doka ba za ta bar kowa ya kwaikwaye shi ba. Harsashin yana da kyau, ga taushi a kafaɗa, matsalarsa kawai ba a ko'ina ake samunsa ba.

Na ukun shi ne 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007 don gasar harbin allo, daga baya ya cika dajin Amurka. Bugunsa bai kai kashi biyu cikin uku na .30-06 ba, kuma wannan ya sa sababbin maharba ke dacewa da shi sosai. Masu kare shi sukan ce ai 'yan Suwidin da Norway sun daɗe suna kashe mus da 6.5x55, kuma haka ne. A matsayin bindigar bareyi ba ni da ja. A matsayin bindiga ɗaya ta duk manyan dabbobi ya yi kaɗan, kuma a Zimbabuwe doka ma ta cire shi, don kaurinsa bai kai milimita 7 da ake buƙata ga jakin dawa ko gwambaza ba.

Yanzu sai wanda ya fi jan hankalin mai sayen farko, kuma wanda nake ganin an fi saya ba tare da buƙata ba: .300 Winchester Magnum na 1963, tare da ɗan'uwansa 7mm Remington Magnum na 1962. A takarda babu abin kushewa. .300 yana jefa wannan ƙwaya mai giren 180 da gudun mita 900 a daƙiƙa, da ƙarfin jul 4,700. A yadi 300 yana sauka kamar santimita 17, inda .30-06 ke sauka 20 da 'yan kai. Bambancin bai wuce faɗin yatsu uku ba. A nisan mita 350 zuwa 400 ne ribarsa ke fitowa fili, a tsaunukan yammacin Amurka ko filayen Karoo da Kalahari na kudancin Afirka, inda babu inuwar da za ka laɓe ka matsa kusa. Abin da ake biya a madadin haka shi ne bugun da ya ɗara na .30-06 da kamar kashi ɗaya cikin uku ko fiye, ƙara mai ratsa kunne, bututu mai tsawon inci 24 ko 26 da ke saƙalewa a ƙaya, da harsashi mai tsada wanda ke sa mutum ya riƙa ƙirga kowane gwaji.

Bugun baya ba maganar jarumta ba ce, kuma a nan ne maza da yawa ke cutar kansu. Jiki yana koyon tsoro ba da sanin mai shi ba. Masu koyar da harbi suna da wani gwaji mai sauƙi da ke tona wannan. Mai harbi zai juya baya, abokinsa ya ɗura bindigar, wani lokaci da harsashi, wani lokaci babu, ya miƙa masa ba tare da ya faɗa ba. A karon da babu harsashi, kunama za ta ce ƙas, sai ka ga bakin bindiga ya duƙa ƙasa, ido ya rufe, kafaɗa ta turo gaba tana taren dukan da bai zo ba. Wannan ɗan motsin, a mita 150, shi ne bambancin harbin huhu da harbin ciki. Dabbar da aka harba a ciki kuwa za ta gudu ta yi nisa, masu bin sawu su wuni suna bin ɗigon jini a kan ganye, wataƙila a same ta, wataƙila ta mutu a wani kwari bayan kwana biyu kuraye su cinye. A sansanonin farauta na Afirka ƙa'ida ce cewa in an ga jini an biya kuɗin dabba, an same ta ko ba a same ta ba. Amma asarar kuɗi ita ce ƙaramar asara a nan. Musulmin da ya yi bismilla ya ja kunama ya san hadisin da ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a kashe a kyautata kisa. Ina ɗaukar zaɓin bindigar da mutum zai iya sarrafawa a matsayin wani yanki na wannan umarni.

Don haka shawarata ga mai sha'awar .300 ita ce ya ari ta wani ya harba kwali guda a zama ɗaya, a tsaye, a kan sandunan ɗora bindiga irin waɗanda ake amfani da su a dajin Afirka. In harbinsa na ashirin ya faɗa inda na farko ya faɗa, ya saya, bindiga ce ta gaske. In ya fara warwatsewa tun daga na takwas, ya sauko.

To, in akwai ɓauna a lissafi fa? A nan duk abin da na faɗa a sama ya koma gefe. Ɓaunar kudanci da gabashin Afirka namijinta yakan kai kilo 600 zuwa 800, ga fata mai kauri, ga haƙarƙari masu faɗi da suka kusa rufe juna, kuma in ta ji rauni takan shige cikin duhuwa ta juyo ta jira mai bin ta. Shi ya sa ƙasashe suka sa iyaka. Tanzaniya tana neman aƙalla .375 ga ɓauna da giwa. Zimbabuwe ta rubuta nata da alƙaluma: giwa da ɓauna da dorina sai ƙwaya mai kaurin milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300. Zaki da raƙumin dawa da iland sai milimita 7 da jul 4,300. Damisa da kada da jakin dawa da makamantansu milimita 7 da jul 3,000. Duba layi na tsakiya da kyau. .30-06 da harsashin kasuwa na yau da kullum bai kai jul 4,300 ba, saboda haka a Zimbabuwe bai cika sharaɗin iland ba, ko da yake a wasu wurare ana kashe iland da shi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da mai .300 Magnum ke da ita, kuma ban raina ta ba.

Harsashin da ya tsallake duk waɗannan layuka shi ne .375 H&H Magnum, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Ƙwayarsa mai giren 300, wato giram 19.4, tana fita da gudun mita 770 a daƙiƙa da ƙarfin da ya kusa jul 5,800. Abin mamakin shi ne da ƙwaya mai giren 270 tafiyarsa a iska ta yi kusa da ta .30-06 mai giren 180, don haka harbin mita 200 ko 250 ba ya gagararsa. Kuma saboda ƙwayar tana da ƙwari kuma gudunta bai yi yawa ba, in ta sami ƙaramar dabba irin impala ko gada takan huda ta wuce, ba ta lalata nama kamar yadda siririyar ƙwaya mai gudun tsiya ke yi. Da bindiga ɗaya za ka harbi gada da safe, ɓauna da yamma. Kwansonsa dogo ne mai ɗan tsukewa a hankali, yana shiga yana fita sumul ko da bindiga ta yi zafi, abin da aka ƙera shi dominsa tun zamanin albarushin da ke ƙara ƙarfi in rana ta buge shi. Kuma a sansanin da ake farautar ɓauna, in akwai harsashi ɗaya da za a iya ara maka, shi ne.

Farashinsa a jiki ba ƙarami ba ne. Bugunsa ya kusa ninka na .30-06. Masu harbi da shi sukan ce turi ne mai nauyi, kamar bijimi ya ture ka da kafaɗa, ba marin nan mai zafi na ƙananan magnum ba, kuma akwai gaskiya a ciki, muddin bindigar ta yi nauyin da ya kamata. .375 mai kilo 4.3 zuwa 4.5 har da madubin saiti, yawancin manya za su iya koyon ta. Wadda aka rage wa nauyi don daɗin ɗauka kuwa azaba ce. Sai ka tambayi kanka sau nawa za ka je wa ɓauna a rayuwarka. In sau ɗaya ne, to babu hikima ka yi shekara ashirin kana jan kilo huɗu da rabi a kan tudu kana bin barewa saboda mako guda. Sansanoni da yawa suna ba da hayar .375 ga baƙi. Ka mallaki .30-06, ka yi hayar babbar a wancan makon, amma ka nemi ka harba ta sau da dama a allo kafin a shiga daji. In kuwa Afirka ce wurin farautarka shekara bayan shekara, kuma ɓauna na cikin abin da ke kai ka, kamar masu zuwa arewacin Kamaru da ke haɗa iland da gwanki da ɓauna a tafiya ɗaya, to .375 ce bindigarka guda ɗaya, ba ni da wata tantama.

Akwai ɗan tsakiya da ya cancanci a ambata, 9.3x62, wanda Otto Bock ya ƙirƙira a Berlin a 1905 don manoman Jamus da ke zaune a Afirka. Yana jefa giren 286 da gudun mita 720 a daƙiƙa, yana shiga bindiga mai girman .30-06, bugunsa ya fi na .375 sauƙi sosai. Ina sonsa. Abin da ya hana ni ɗora shi a sama shi ne yana zaune a bakin iyakar doka: kaurinsa bai kai .375 ba, ƙarfinsa da harsashin da aka saba yana wajen jul 4,800, don haka wata ƙasa ta yarda da shi ga ɓauna, wata ta ƙi.

Duk wannan musun na lambobi, ƙwayar da ka saka ta fi shi tasiri. A 1948 John Nosler ya fara ƙera ƙwayar Partition bayan da ƙwayar da ya harbi mus da ita ta tarwatse a kafaɗa ba ta shiga ba. Ya raba dalmar ciki gida biyu da katangar tagulla, gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da ratsawa. Daga baya aka sami Swift A-Frame da ƙwayoyin Barnes na tagulla zalla, waɗanda kusan ba sa rasa komai na nauyinsu bayan sun fasa ƙashi. .30-06 da irin wannan ƙwaya mai giren 180 ya fi .300 Magnum da ƙwaya mai arha mai taushi aiki a jikin babbar dabba, don yawan gudu yana ƙara saurin tarwatsa ƙwaya mara ƙwari. Ta tagulla tana da ƙarin amfani a inda aka hana dalma, kamar jihar Kalifoniya da ta haramta ta a duk farauta tun daga Yulin 2019. Ka zaɓi nauyi ɗaya, iri ɗaya, ka saita bindigarka a kansa, ka daina canje-canje.

Ita kanta bindigar, magana gajera ce: mai sakata, wadda ake jan hannunta baya a tura gaba bayan kowane harbi. Mai baki biyu irin ta tsofaffin mafarautan Ingila tana da kyau a gaban ɓaunar da ta taso, amma tsadarta ta wuce misali kuma ba ta harbin nesa. Mai ɗura kanta kuwa ƙasashen Afirka da yawa ba sa barin baƙo ya shigo da ita. A cikin masu sakata akwai tsari biyu. Na Mauser 98, wanda ya fito a 1898, yana da doguwar ƙugiya da ke cafke gindin harsashi tun yana tasowa daga ma'ajinsa, ta riƙe shi har ya shiga, ta kuma fizgo kwanson da ƙarfi bayan harbi. Winchester Model 70 na 1936 ya bi wannan tsari, ya bar shi a 1964, mafarauta suka yi ta ƙorafi, daga baya ya dawo da shi. Ruger M77 Hawkeye da CZ 550 su ma haka suke. Ɗaya tsarin, irin na Remington 700 na 1962 da Tikka T3x ta ƙasar Finlan da Savage 110, sakata tura harsashin kawai take yi har sai ya zauna sannan ta kama shi. Ga .30-06 kowanne ya yi, kuma Tikka ta yi suna wajen daidaito a kan kuɗi mai sauƙi. Ga .375 zan tsaya a kan tsarin Mauser, domin mutumin da hannunsa ke rawa yakan ja sakata rabi ya mayar, kuma a tsarin turawa wannan na iya cusa harsashi biyu a hanya ɗaya.

Ƙotar katako ta fi kyan gani, ta roba ta fi jure canjin yanayi, don katako yana sha yana bushewa ya ɗan karkatar da saiti. Wanda zai fito daga wuri mai laima ya shiga hunturun Faro da ƙurarsa, roba ta fi masa kwanciyar hankali, kuma ya rage mai a jikin sakata don mai yana tara ƙura. Nauyin .30-06 da madubinta ya tsaya tsakanin kilo 3.6 da 4, bututu inci 22. Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne ta zauna a jikinka: ka rufe ido, ka ɗaga ta zuwa kafaɗa, ka buɗe ido. In ka ga cikin madubi tangaram ba tare da ka motsa wuya ba, taka ce. Madubi mai ƙara girma daga sau 3 zuwa sau 9 ya ishi .30-06. Ga .375 a nemi wanda ke farawa daga 1.5 ko 2, mai tazara daga ido, don madubin da ya matso kusa yana tsaga gira in bindiga ta dawo. Kuma kada a kashe duk kuɗin a kan bindiga a ɗora mata madubin banza, domin shi ne yakan fara lalacewa.

Tafiya da ita ma tana goyon bayan bindiga ɗaya. Jiragen sama ba sa barin fasinja ya wuce kilo 5 na harsashi. Afirka ta Kudu tana neman a cika takardar 'yan sanda mai lamba SAPS 520 kafin a shigo da bindiga, ba ta yarda da bindiga biyu masu harsashi iri ɗaya ba, kuma ta ƙayyade harsashi 200 ga kowace. Kilo 5 na .30-06 ya fi ƙarfin buƙatar kowace tafiya, kwali uku ma sun isa.

Da safen farko a sansani, kafin a nemi ko sawu, jagora zai kafa allo a mita 100 ya ce ka gwada, wai don a ga ko jirgi ya gurɓata saiti. Rabin abin da yake kallo kai ne: yadda ka riƙe, yadda ka ja kunama, ko ka ɗaga kai kafin ƙara ta fita, ko ka sake ɗurawa bindiga tana kafaɗa. Daga abin da ya gani a nan zai yanke nisan da zai bari ka yi harbi a sauran kwanakin. Saboda haka in kasafinka ya isa .300 Magnum ko .30-06 da kwali goma na harsashin gwaji, ɗauki .30-06 da kwalayen, ka ƙarar da su a tsaye a kan sanduna, a mita 100 da 200, kafin ranar tafiya. In ɓauna ce ke kai ka daji, sayi .375 H&H mai tsarin Mauser da nauyinta cikakke, ka fara koyon ta da harbi biyar ko shida a zama, kana ƙarawa a hankali.